Zuciya Mai Mantuwa

Tun ina ƙarama aka san ni da kunne a gidanmu na Gaya, kuma ba yabo ba ne. Idan mata suka haɗa kai a bayan rumbu suna ƙus-ƙus, sai Gwaggo, ƙanwar babanmu da ta riƙe mu bayan rasuwar innarmu, ta ce a duba ko ina kusa, don ko a bakin rijiya nake sai na kwashe zancen tas. Na sha ranƙwashi a kan wannan hali har kaina ya saba.

Babanmu malami ne. Magidanta yake karantarwa a zaure, masu gemu, waɗansu daga Kademi, waɗansu daga Balan, su zo bayan an kai amfanin gona gida su zauna da littattafansu har faɗuwar damina. Mu biyu ne 'ya'yansa da suka rayu, Yaya da ni. Yaya shi ne magajin zaure, ga kaifin ƙwaƙwalwa ga gajen haƙuri. Ni kuwa sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "uwata".

Shekarar da na zama budurwa, wata rana da hantsi, Baba yana tsakiyar karatu ya ɗaga yatsa zai yi bayani, sai ya kife a kan buzunsa. Aka girgiza shi, aka yayyafa masa ruwa, aka kira wanzamin unguwa. Wanzami ya kara bayan hannunsa a hancin Baba, ya ɗaga hannun Baba ya saki, hannun ya faɗi yaraf. Ya ce sai haƙuri. Kafin ka ce me, maza sun ɗauki dagi da fartanya sun nufi maƙabarta, Gwaggo ta ciro farin saƙin da Baba ya daɗe da ajiyewa don wannan rana ta fara yagawa tana kuka. A garinmu ba a barin mamaci ya jira. Gaggauta shi shi ne mutunta shi, balle a ce malami ne.

Aka shigo da shi ɗakinsa, aka ce mata su zo su yi masa kallon ƙarshe. Ni ban tsaya kallo ba, faɗawa na yi a kan ƙirjinsa. Ina cikin kuka kunnena ya dace da gefen hagu, ƙasa da nono kaɗan, sai na ji abu ya buga a ciki, can ƙasa, kamar an sauke taɓarya a gidan maƙwabta. Na haɗiye kukan na kasa kunne. Shiru, shiru, har na ce kaina ne ya yi mini ƙarya. Sai ya sake bugawa.

Na ce, "Gwaggo, yana nan!"

Ta ce, "Yana nan mana, ina zai je ba a ɗauke shi ba? Tashi, 'yar nan, kada ki ɗiga masa hawaye."

Na ƙanƙame rigarsa na ƙi saki. Aka kira Yaya ya ɓamɓare ni. Muna cikin haka, yana ja ina ja, Baba ya ja wani dogon numfashi mai gurnani ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya juya wajen ƙanwarsa ya ce da wata 'yar murya, "Ke, bar yaga mini ƙyalle haka nan." Gwaggo ba ta tsaya ɗaga asabarin ƙofa ba, da shi ta fita a wuya.

Gari ya ɗauka, aka yi ta zuwa barka, aka yi sadaka. Kabarin da aka haƙa kuwa bai daɗe a buɗe ba, wani tsohon maƙeri na unguwarmu ya cika, aka ce a sa shi a ciki. Baba ne ya yi masa salla, ya kuma dage sai ya raka shi duk da an hana shi. Da ya dawo bai taɓa abincinsa ba. Ya kira ni ɗakinsa.

Ya ce, "Na ga ɗakina, uwata. Sun rage mini tsawo, da sai sun lanƙwasa ni."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ni mace ce, ban taɓa leƙa cikin kabari ba, shi ya kwatanta mini. A haƙa babban rami, a tsakiyarsa a haƙa siriri daidai mutum, a kwantar da shi ta gefen dama, a jera itatuwa a bisa, a toshe kafofin da fasassun tukwane da ɗanyar laka, sannan a tura ƙasa. Ƙasar ba ta taɓa mutum. Akwai sarari a ciki, akwai 'yar iska.

Sannan ya faɗa mini abin da bai faɗa wa kowa ba. Duk abin da aka yi ran nan yana ji. Ya ji wanzami yana ba da haƙuri, ya ji ɗalibansa biyu a bakin ƙofa suna shawarar littafin da kowannensu zai roƙa, ya ji ƙarar yaga ƙyalle. Yana so ya motsa ko da gashin ido ne, jiki ya ƙi.

Ya ce, "Ba mutuwa nake tsoro ba, ita dole ce. Tsorona in farka bayan kowa ya koma gida."

Da layya ta zo, bayan an feɗe rago, ya ce a kawo masa zuciyar ɗanya a ƙoƙo, kada a gasa. Gwaggo ta yi ta mita wai an hana ta rabonta. Ya zaunar da mu ni da Yaya a inuwar rumbu, ya ɗauko wuƙar da yake fiƙe alƙalami da ita.

Ya ce, "Ban taɓa ganin ta ɗan Adam ba, bai kuma halatta a buɗe ba. Amma wani da ya bi yaƙi ya ga abin da mashi yake yi, ya ce mini kusan ɗaya suke da ta rago."

Ya yage tantanin da take ciki, ya ɗora mini ita a tafin hannu. Ba ta fi dunƙulen hannuna da komai ba, ga santsi, ga kitse ya yi mata rawani, manyan jijiyoyi sun fito ta sama, har babban yatsana yana shiga ɗaya. Ya tsaga ta a hankali. Ashe ba dunƙulallen nama ba ne, ɗakuna ne a ciki, biyu a sama masu siririn bango, biyu a ƙasa masu kauri, na hagun kuma ya fi kowanne kauri. Ya ce wannan shi ne mai aikin ƙarfi, shi yake tura jini har yatsun ƙafa. Tsakanin ɗakin sama da na ƙasa akwai waɗansu 'yan marufai sirara, an ɗaure su da fararen zarurruka a jikin bango. Na ja zare ɗaya da farce, bai tsinke ba.

Gefen da bai tsaga ba, ya yanke samansa, ya tsiyaya ruwa daga butarsa a cikin ɗakin ƙasa, ya ɗan matsa da hannu. Marufan nan suka taso a kan ruwan, bakinsu ya haɗu, suka rufe ruf. Ya saki, suka kwanta. Ya sake matsawa, suka rufe. Ragon ya daɗe da mutuwa amma ƙofofinsa ba su manta aikinsu ba.

Ya ce, "Kun gani? Abin da ya wuce ba ya komowa baya. In kuka saurara da kyau, kowane bugu sauti biyu ne, ina zaton rufewar ƙofofin nan ce. Tun ranar da aka busa wa mutum rai take wannan aiki, ba ta neman izininsa. Tawa dai mantuwa ta fara yi. Takan tsaya kamar mai tunanin abin da ya shigo ɗauka, sannan ta tuna."

Daga ranar ya sa ni karatun ƙirji. Ya nuna mini inda jijiya take harbawa a gefen wuya da wuyan hannu, ya ce in hannu ya yi shiru kada in yarda, in koma tsakanin haƙarƙari. Ya kuma gargaɗe ni cewa kunnen da aka danna a jikin wani yakan jiyo wa mai shi bugun kansa. Saboda haka in riƙe jijiyar wuyana da yatsu. In abin da nake ji yana tafiya tare da na yatsuna, nawa ne. In ya saɓa, nasa ne. Ya sa na saurari zuciyar Gwaggo, tana zagina ina saurare, tata sauri take yi kamar bakinta. Na saurari ta jaririn maƙwabta, ita kam ba ta ko hutawa. Ta Baba kuwa, ko lafiyarsa ƙalau, sai tawa ta yi ta gudu kafin tasa ta ɗaga ƙafa.

Yaya ma an sa shi. Yakan kara kunne ya ɗago nan take ya ce ya ji. Baba ya ce me ka ji, ya ce zuciya mana. A ganinsa duk wannan ƙarancin tawakkali ne, ko da yake bai isa ya faɗa a gaban Baba ba, ni yake tarewa a soro ya sauke mini. Baba bai yi masa faɗa ba. Ya dai buɗe masa wurin da malaman fiƙihu suka ce wanda ya faɗi farat ɗaya, ko wanda aka tsamo daga ruwa, ba a gaggauta shi sai an tabbata. Yaya ya haddace wurin har ya fi Baba iya kawo shi.

Baba ya sake faɗuwa, ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da ya faɗi sai in kori kowa daga ɗakin, in durƙusa, kunne a ƙirjinsa, yatsu a wuyana. Bugun yakan yi nisa ya yi rauni, kamar daga ƙasan rijiya. Ba bugun ne yake wahalar da ni ba, shirun da ke tsakani ne. A cikinsa ba na iya addu'a, jira kawai nake in ga ko yau za ta tuna. Akwai ranar da muka kai bayan azahar a haka, wuyana ya ƙage, Gwaggo tana leƙowa tana komawa. Da ya farka abin da ya fara tambaya shi ne ko salla ta wuce shi, na biyu kuma ko akwai fura. Mutanen gari suka mai da abin raha, su ce Malam ya je ya dawo. Waɗansu kuma suka koma gefe suna cewa iska ce, har ɗalibai suka fara raguwa. Wannan ya ci wa Yaya rai ƙwarai.

Cikin masu zuwa karatu da rani akwai wani manomi daga Ajingi, mai yawan shiru da manyan hannuwa. Ya nemi aurena, ni ma ina son sa, ba zan ɓoye ba. Amma na je na ce wa Baba ba zan tafi ba.

Ya ce, "Ban haife ki don ki yi gadin ƙirjina ba, uwata. Ajingi ba bayan duniya ba ce, jaki ma yana zuwa."

Ya kira Yaya a gaban Gwaggo ya ce in ya faɗi a aika Ajingi, kada a taɓa shi sai na zo. Yaya ya ce in Allah ya yarda. Aka kai ni. Duk ranar kasuwa sai na aika a nemo mini mutanen Gaya a tambaye su Malam, su ce yana nan yana karatunsa. Shekaru suka ɗan tafi a haka har hankalina ya fara kwanciya.

Wata Juma'a da bazara, bayan la'asar, ina surfe a tsakar gida, wani dattijo maƙwabcinmu na Gaya ya iso a kan jaki, shi da jakin duk sun galabaita. Ya ce Malam ya faɗi da hantsi, an ce in zo. Na yar da taɓarya na ɗauki mayafi. Maigidana ya tare ƙofa, ya ce ba mai bin hanyar nan bayan faɗuwar rana, don shekarun nan mahara suna ɗibar mutane a daji. Ran nan na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa masa ba, amma bai matsa daga ƙofar ba. Da asuba muka kama hanya. Gaskiya ban tsorata sosai ba, ai an yi alkawari. Har fura na ƙulla a gefen zane, don na san da yunwa yake farkawa.

Muna shan kwanar unguwarmu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza zaune jere, ana shafa fatiha.

Gwaggo ce ta ba ni labari, tana yi tana kauce wa idona. Sun jira, ta ce, wallahi sun jira. Yaya ya yi ta kara kunne. Da lokacin masallaci ya matso sai dattawan gari suka shigo, suka ce Allah ya yi wa Malam gata, ya ɗauke shi ranar Juma'a, ga gari da ƙauyuka duk za su hallara. Wa zai hana shi sallar wannan taro don jiran mace daga Ajingi, a wannan zafi? Ɗan aike kuwa ya riga ya yi nisa. Aka wanke shi, aka kai shi, aka ce ba a taɓa ganin jama'a irin ta ranar ba.

Na aika a kira mini Yaya soron ciki.

Na ce, "Yaya, ka saurara?"

"Na saurara."

"Ta ina?"

"Inda ya nuna mana."

"Ka daɗe? Ka jira shirun ya wuce?"

Ya ce, "Ke, ya isa haka. Ya yi sanyi, ya sandare. Ni na wanke shi da hannuna. So kike ki ce na binne ubana da rai?"

Na ce a je a buɗe. Ya dube ni kamar na zautu. Gwaggo ta toshe mini baki da tafin hannu ta ja ni ɗaki, tana cewa in rufa musu asiri, ƙofar gida cike take da mutane.

Mata ba sa shiga maƙabarta, amma washegari da safe na ce zan je gaida wata tsohuwa, na bi ta bayan ganuwa na shiga. Ban sha wuyar gane shi ba, ƙasarsa ce sabuwa, an lulluɓe ta da ƙaya saboda kura. Na janye ƙayar, na kwanta, na danna kunnena a ƙasa. Na ji bugu. Na kai yatsu wuyana, sai na ji tare suke tafiya. Nawa ne. Na zauna a haka ina neman wanda zai saɓa, har rana ta fara cin bayana. Wata mai tsintar itace ce ta gan ni, ta ɗaga ni ta karkaɗe mini zane, ta rako ni har kusa da gida, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Har yau ban san abin da zan yi ba da na ji nasa.

Na koma Ajingi da maganar Yaya, ya yi sanyi, ya sandare. Ita na riƙe, da ita nake iya haɗiye tuwo. Amma ba ta hana ni zama abin da na zama ba. 'Ya'yana sun tashi sun saba farkawa su tarar da kaina a ƙirjinsu. In mace ta rasu a unguwa, sai na shiga na durƙusa a kanta kafin a taɓa ta, masu wanka suna tsaki suna cewa ga mai kunne ta zo, yau sai la'asar. Ko ɗaya ba ta taɓa dawowa ba. Yaya kuwa ya zama babban malami, zauren ya cika fiye da zamanin Baba. Mukan gaisa da salla, mu yi zancen damina da jikoki. Na yi fushi da shi shekara da shekaru, daga baya fushin ma ya gaji ya kwanta.

Bayan maigidana ya rasu, mu duka mun yi furfura, babban ɗan Yaya ya zo Ajingi ya ce babansa yana nemana. Na same shi a zaure da rana tsaka, ya sallami ɗalibai, shi kaɗai a kan buzu. Ya ce kwanan baya yana alwala ya faɗi, ya farfaɗo kafin mutane su taru. Sai ya ɗage rigarsa ta gefen hagu. Na durƙusa da ƙyar, gwiwoyi sun tsufa, na kara kunne. Ta buga, ta yi shiru mai tsawo, ta sake bugawa. Na san wannan tafiya.

Ya ce, "An share miki ɗakin Gwaggo, Allah ya ji ƙanta. Ki dawo Gaya. In na faɗi, kada ki bari kowa ya taɓa ni sai kin ce, ko liman ne, ko wace rana ce."

Na ce, "Me kake tsoro, Yaya? Ai ka san alamomin. Kai ka gane na Baba."

Ya daɗe yana murza gefen buzun da yatsa.

Ya ce, "Da muna wanke shi, na sa hannu a hammatarsa."

"Ka ce mini ya yi sanyi."

"Ƙafafunsa sun yi sanyi. Hammatar da ɗumi. Na ce a raina zafin gari ne. Ga ladan ya fara kira, ga mutane cike da ƙofar gida."

Na ce, "To, zafin garin ne?"

Ya ce, "Abin da nake tambaya ke nan duk lokacin da goshina ya taɓa ƙasa."

Na sauke masa rigarsa, na fita na ce wa ɗansa ya koma Ajingi ya kwaso mini kayana.